Yadda Ni da Surukina Muka Canza wa Tantan Wuta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya karɓi ran surukina bayan kaka, gero ya shiga rumbu, gyaɗa tana kan shanya. Ranar ta zo daidai da kasuwar Mashi, shi ya sa labarin ya bazu da wuri. Kafin azahar ƙofar gidansa, a ƙauyensu da ke kusa da Dutsi, ta cika maƙil. Ni ne mijin 'yarsa ta fari, ina aikin wayar mota a tashar Daura, kuma ina cikin waɗanda suka zauna karɓar gaisuwa.

Na sha zaman makoki, amma ban taɓa ganin irin na Baba, kamar yadda nake kiransa, ba. Mutum zai iso da jajayen idanu, ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya ce, “Ya haƙuri?” mu ce, “Da godiya.” Can sai idonsa ya kai gindin gawo, inda tsohuwar tantan ɗin marigayin take tsaye, wato motarsa ta noma. Sai ka ga bakinsa ya fara motsi, yana ƙoƙarin danne murmushi.

Mahaucin garin ne ya fara kasa daurewa. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Wannan kafaɗar har gobe tana yi mini ciwo in sanyi ya shigo. Turin tantan ɗin can ne ya jawo mini.” Liman ya share hawaye da gefen rawani ya ce, “Ai ni na fi ku shan wuya. Da na sallame sallar asuba zan same shi a bakin masallaci yana washe baki, ya ce, jama'a, kun samu ladan jam'i, ku zo ku ƙara da na turi.” Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, kowa yana ambaton Allah ya jiƙansa. Daga cikin gida kuma muka jiyo wata tsohuwa, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, tana kuka tana cewa, “Yanzu wa zai zo ya yi gwaji a gonata?” Baƙin da suka zo daga nesa ba su gane ba, mutanen gari kuwa duk suka sunkuyar da kai.

Baffa, ƙanen Baba, wanda yake fataucin shanu, shi ma yana zaune cikinmu. Tun da tantan ɗin ta shigo garin yake yi mata ba'a. Ranar nan tashi ya yi, ya taka har gindin gawo, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfenta, ya daɗe a tsaye kafaɗunsa suna rawa. A nan na ƙudurta zan rubuta abin da na sani game da mutumin nan, don jikokinsa su san irin kakan da suka yi.

Baba ya yi ƙuruciyarsa yana tuƙa motar noma a gonar En'e, wato hukumar gargajiya ta wancan zamani, a hannun wani Baturen gona. Da aka tashi gwanjon tsofaffin kaya, sai ya dawo gida da 'yar ƙaramar tantan mai ruwan toka, mai amfani da fetur, wadda ta girmi duk 'ya'yansa. Tsohuwa yake ce mata. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, ba ya zama a kujera in da wurin tsugunawa. Goronsa a naɗin hula yake ajiye shi, kuma ba ya aiki sai da fito. In Tsohuwa ta ƙi tashi, mutane suka fara gunaguni, sai ya ɗaga hannu ya ce, “Ai ba ƙi ta yi ba, tunani take yi.” Har yau a garin, in jaki ya turje a hanya, haka yara suke cewa.

Tsakanina da shi kuwa kunya ce mai kauri. Matata 'yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba, “yarinyar nan” yake cewa. Ni kuma “mutumin tasha”. In na zo gaisuwa, tun daga nesa nake tuɓe takalmi, in durƙusa a bakin zaure idona a ƙasa. Shi kuma ya amsa yana kallon bango, kafin in ɗago ya tuna da wani aiki a bayan gida. Duk garin an san wayar mota ce sana'ata, amma shekara da shekaru bai taɓa cewa in duba masa Tsohuwa ba, ni ma ban ga fuskar da zan yi tayi ba.

Sai kuɗin fetur suka shigo ƙasa. Tashar Daura ta cika da sababbin motoci, samari suka hau babura, kowane shago da rediyo. Motocin nan duka da batir ɗan sha biyu suke zuwa, kamar yadda muke faɗa a wajen aiki, wato wutarsa ta ninka ta tsohon batir ɗan shida da Tsohuwa take amfani da shi. A hankali ɗan shida ya ɓace daga kantuna, ka je Katsina babu, ka aika Kano a ce sai wani jiƙon. Dainamon da ke yi wa batirinta caji kuma ya tsufa, ba ya ba da wuta sai an taka inji sosai, alhali huɗa a hankali ake yin ta. Ga ƙarfen da ake murɗa inji da hannu ya taɓa dawowa ya bugi Baba a wuyan hannu, tun daga ranar Inna, surukata, ta ɓoye shi. Abin da ya rage kawai turi.

Wata bazara, hadari ya fara haɗowa a gabas, dainamon ya ƙone ƙurmus. Baffa ya zo daga Mashi ya tsaya a kan yayansa ya ce, “Yaya, ka sayar wa maƙera su yi fartanya da ita. Ni zan ba ka bijimai biyu da garma. Su ba sai an tura su ba.” Amma matsalar ba ta gonar Baba kaɗai ba ce. Gidaje da dama a garin ba su da shanun huɗa, da Tsohuwa suka dogara, motocin noma na haya kuwa layinsu ya yi tsawo, kafin su iso ƙauye irin wannan shuka ta wuce. Inna ta aiko wa matata saƙo da bakin wata mai zuwa kasuwa: “Ki gaya wa mai gidanki, mahaifinki ya daina fito.”

Da na ji haka na san abin ya kai inda ya kai. Akwai wata mota da ta yi hatsari aka jawo ta tasha, gabanta bai taɓu sosai ba. Na samu na'urar cajinta, wadda muke kira altaneto, na haɗa da batir ɗan sha biyu, da koyil mai ba filogi wuta, da ƙwayayen fitila, da nannaɗin waya. Na ɗaure su a bayan babur na kama hanyar Dutsi.

Na same shi a tsugune gindin gawo. Na durƙusa na gaishe shi, na kwance kayan na jera a kan buhu. Ya dube su ta wutsiyar ido, sannan ya juya ga tantan ɗin.

“Tsohuwa, kin yi baƙo. Tambaye shi me ya kawo.”

Ni kuma na amsa wa ƙasa. “Baba, abin da zai maye gurbin dainamo ne. Altaneto ake ce masa. Ko inji yana tafiya a hankali yana yin caji.”

“Alta me?” Ya ɗauka ya jinjina a hannu. “Tsohuwa, kin ji. Wai wannan ɗan abin, da bai fi ƙwaryar fura ba, shi zai yi aikin da wancan ƙato ya kasa.”

“Sai dai komai na wutarta zai koma sha biyu, Baba. In ka yarda.”

Ya shafa gemu. Can ya zaro goro daga hula, ya ɓare, ya ajiye rabi a kan tayar tantan, a ɓangaren da nake. Na gane an ba ni izini.

Da muka cire dainamon sai na ga abin da ban yi tsammani ba. Mazaunin altaneton bai dace da wurin ba sam, ga bakin da fanbel yake zagayawa ya yi masa siriri. Na fara tunanin komawa Daura wajen mai walda. Baba ya karyo sillen kara, ya gwada nan, ya gwada can, ya yi alama da farce, ya saɓi tsohon bakin garma da dainamon ya nufi maƙera. Ya dawo da lanƙwasasshen ƙarfe mai huji uku, an kuma ciro faffaɗan bakin dainamon an goge shi har ya shiga jikin altaneton. Muka ɗora, ya zauna daram. Ya ja zare daga gefen rigarsa ya miƙe shi tsakanin bakunan biyu don ya ga ko sun yi saiti, ya ce a matsa kaɗan, aka matsa. A lokacin ne na ji wani ɗan siririn fito yana fita daga bakinsa.

Rigimar bayan azahar ta faru. Na shiga cikin gida gaida Inna, na ɗan daɗe tana tambayar jikoki. Ina fitowa na hango Baba ya ɗora sabon batir a mazauninsa, ya kama wayar jan kan batirin, yana shirin ɗaure ta a jikin ƙarfen tantan. Haka tsarin Tsohuwa yake tun asali. Amma altaneto ba ya yarda da haka, baƙin kai ne yake zuwa jikin ƙarfe. In aka juya masa, nan take cikinsa yake ƙonewa, ba ni kuma da wani.

Ban san lokacin da na ruga ba. “Baba, tsaya! Kada ka taɓa!” Na cafke wuyan hannunsa.

Akwai dattawa zaune a inuwa suna kallon aiki. Wurin ya yi tsit, har kukan kaji na jiyo daga bayan danga. Baba ya dubi hannuna a kan nasa, ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Na sake shi kamar na taɓa garwashi. Ya ajiye wayar a hankali, ya kakkaɓe rigarsa, ya shige gida. Dattawa suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi mini sallama.

Na zauna a ƙasa na rasa abin da ke mini daɗi. Na yi wa mahaifin matata tsawa a gaban mutanen garinsa. Ga hadari yana ta ƙara duhu, ga tantan a buɗe, wayoyi a zube. Da la'asar Inna ta leƙo zaure ta kira ni.

“Me ka yi masa? Ya shiga ɗaki ya ce ba ya cin abinci.”

Na gaya mata, kaina a ƙasa. Sai na ji wani sauti, na ɗago na ga ta toshe baki da mayafi tana dariya.

“Ka riƙe masa hannu? Kai? Ikon Allah! Tun da aka kawo ni gidan nan ban ga wanda ya hana shi abin da ya yi niyya ba. Tashi ka je gidan maƙwabci ka huta, za a kai maka tuwo. Ka bar ni da shi.”

Da safe na zo na tarar ya riga ni. Yana tsugune gaban batirin, bai taɓa komai ba. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ya katse ni, kuma a karon farko da ni yake magana kai tsaye.

“Kai, matso nan. Baturen da ya koya mini aikin nan cewa ya yi jan kai a jikin ƙarfe. Haka take tun kafin a haifi matarka. Don me yau za a juya?”

Na rasa ta inda zan fara, sai na tuna yana da lambu a fadama. Na ce, “Baba, ka ga yadda kake datse ruwa a bakin fangali, ya shiga amma ba ya komawa? A cikin altaneton nan akwai 'yan ƙofofi irin haka, wuta ta hanya ɗaya suke bari ta bi. In aka juya batir, kamar an sako ruwa da ƙarfi ta bayan datsiyar ne. Ɓallewa za ta yi gaba ɗaya.”

Ya ɗauki lokaci yana juya maganar. “Ashe ƙofa ce da shi. Dainamo shi ba ruwansa.”

“Ba ruwansa, Baba.”

“To me ya hana ka faɗa mini haka jiya?”

“Babu lokaci, Baba.”

“Ihu kuwa ka samu lokacinsa.”

Ya fashe da dariya har hularsa ta zame, goro ya zubo ƙasa. Ni ma na kasa riƙe tawa.

Daga nan aiki ya tafi kamar wasa. Muka sa sabon koyil, muka canza ƙwayayen fitila, muka juya wayoyin agogon da ke nuna caji don allurarsa ta daina karatu a baibai. Na huda wani ɗan gurbi kusa da sitiyari na sa ƙaramar jar fitila, na bayyana masa cewa ita take tayar da altaneton, in ta mutu bayan inji ya tashi to caji yana shiga. Kowace waya sai ya tambayi inda ta fito da inda za ta, ya maimaita da bakinsa. Abu ɗaya ya ƙi: hon. Na ce na ɗan shida ne, sabuwar wuta za ta yi masa yawa. Ya ce muryar Tsohuwa ce, ba mai taɓa ta.

Labari ya zaga cewa za a tayar da tantan. Mazan gari suka taru, mahauci a gaba, suna naɗe hannun riga, suka jeru a bayanta kamar yadda suka saba. Baffa ma ya iso a kan jakinsa, wai hanya ce ta biyo da shi. Baba ya hau kujera, ya gyara zama, ya waiwayo.

“Ku koma inuwa ku zauna. Yau hutu ne.”

Ya yi bismilla ya danna. Na'urar tayar da injin, wadda ta saba juyawa kamar mai ciwon baya, ta samu wuta ninki biyu ta wulwula da wani irin sauri. Kafin ya ɗauke yatsa inji ya kama, hayaƙi ya turnuƙe. Baba da kansa ya firgita, sai da ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya taka kaɗan, jar fitila ta mutu, allura ta karkata ɓangaren caji. Na nuna masa da yatsa. Don murna ya danna hon. Abin da ya fito ba muryar Tsohuwa ba ce, wata ƙara ce siririya mai huda kunne. Jakin Baffa ya tsinke igiya ya yi cikin gonaki, Baffa ya bi shi babbar riga tana tashi, mata suka ɗauki guɗa daga cikin gida, mahauci ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki.

Da Baffa ya dawo da jakin yana haki, ya tsaya nesa ya ce, “Shanu dai ba sa buƙatar batir.”

Baba ya ce, “Gaskiya ne. Matso in sake gaishe ka.” Ya kai hannu wajen hon, Baffa ya ja jakinsa da baya.

Inna ta aiko da fura a babbar ƙwarya. Na tashi zan koma gefe kamar kullum, Baba ya sha, ya miƙo mini ludayin. “Zauna ka sha. Wanda ya riƙe mini hannu a gaban jama'a ba zai zo yana jin kunyar ludayi ba.” Na karɓa na sha. Ban taɓa shan fura mai daɗin ta ranar ba.

Ruwan shuka ya sauka a makon. Da ƙasa ta sha, kowa ya zaci Baba da gonar kansa zai fara. Sai ya ɗaura garma ya nufi gonar tsohuwar nan da mijinta ya rasu. Ta fito tana cewa ba ta da abin ba shi, ya ce, “Wa ya ce aiki na zo yi miki? Gwaji nake yi, an sa wa tantan sabon kaya. Ƙasarki ce mai taushi.” Ashe haka yake yi duk shekara. In ba sabon filogi yake gwadawa ba, to sabuwar taya ce, kuma gwajin ba ya faɗawa sai a gonar gwauruwa, ko ta makaho, ko ta wanda ciwo ya kwantar. A daminar nan, da yake babu jiran masu turi, gwajin ya kai har ƙauyukan maƙwabta.

Bayan haka Baba ya zama mai wa'azin altaneto. A kasuwar Mashi, a wajen suna, a wajen ɗaurin aure, duk inda ya ga mai tsohuwar mota sai ya ja shi gefe ya yi masa bayanin ƙofofi da datsiya, ya ƙare da, “Ka je tashar Daura ka nemi surukina.” Labarin tsawar kuma kullum ƙaruwa yake. Da farko hannu na riƙe masa. Daga baya ya zama na ɗaga shi sama. Na taɓa jin yana gaya wa wasu Fulani cewa da na yi ihun, sai da tsuntsayen gawo suka watse, ba su dawo ba sai da kaka. In na ce, “Baba, ba haka aka yi ba,” sai ya ce, “Kai kana cikin fushi, ina za ka tuna?”

Ganina da shi na ƙarshe cikin lafiya a wannan daminar ne da ta wuce, gero ya fara fitar da kai. Ya aiko a gaya mini wai tun da Tsohuwa tana da wuta irin ta motocin zamani, me ya sa ba ta da rediyo kamar su? Na samo wata 'yar rediyon mota na tafi da ita. Muka ɗaure ta da waya a ƙarƙashin sitiyari, muka kafa eriya a jikin wata gora. Da la'asar ce, an yi yayyafi an ɗauke, gari ya yi sanyi. Ya hau kujera, ni na zauna a kan murfin taya, ya murɗa har muka kamo wata tasha ana kiɗan kalangu. Baba ya lumshe ido, ya shiga bin waƙar da wata murya da ba ta san hanya ba, yana buga sitiyari da tafin hannu. Jikoki suka fito suka kewaye mu suna rawa a cikin taɓo. Inna ta leƙo ta ce, “Malam, da girmanka? Mutane na wucewa!” Ya ƙara murya, ya miƙa mata hannu wai ta hau. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta juya, amma ba ta koma ciki ba. A bakin zaure ta tsaya, tana gyaɗa kai a hankali.

Da rana ta yi ƙasa na sauko zan tafi. Ya rage murya ya ce, “Maza ka kama hanya kafin hadarin can ya tare ka. Ka gaida yarinyar nan da yara.” Na tayar da babur, na yi nisa har na fara shiga gonaki, ina jiyo kalangu da muryarsa a bayana.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya sa ƙasar kabarinsa ta yi masa taushi kamar yadda ya tausasa ta mutane. Allah ya ba Inna da Baffa da mu duka haƙurin rashinsa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.